Yadda Ake Farfaɗo da Ƙasar Lambu da Takin Rami a Yankin Shuɗin Nilu

Masu lambu a Mai Wurno da sauran ƙauyukan Hausawa da ke jere a gaɓar kogin Shuɗin Nilu a Sudan, daga Sinnar zuwa Singa har Rusairis, sun daɗe suna cin albarkar lallausar lakar da kogi ke ɗebowa daga tsaunukan Habasha yana shimfiɗawa a gaɓa duk damina. Wannan kyauta tana raguwa, domin kowace madatsar ruwa tana tare wani kaso na lakar a bayanta: ta Sinnar tun 1925, ta Rusairis tun 1966, sannan babbar madatsar Habasha da aka soma tara ruwa a cikinta a 2020. A ɗaya ɓangaren kuma, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 samun buhun takin zamani na yuriya a kan lokaci ya zama abu mai wuya da tsada. Saboda haka ya zama dole mai lambu ya koyi ciyar da ƙasarsa da abin da ke hannunsa, wato kashin dabbobinsa, da karan gonarsa, da sharar gidansa. Sai dai akwai sharaɗi: hanyar haɗa taki da ake koyarwa a ƙasashe masu sanyi da yawan ruwan sama ba ta dace da mu ba sai an gyara ta, domin ƙasarmu baƙar laka ce mai kanwa, ranarmu kuma tana busar da tarin taki kafin ya soma ruɓewa.

Mataki na farko: a san irin ƙasar kafin a zuba mata komai

Mafi yawan filayen Jazira (yankin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu) da Sinnar da Gadarif baƙar laka ce mai nauyi, wadda ke tsagewa da rani har hannun mutum ya shige cikin tsagar, ta kumbura ta rufe ruf da zarar ta sha ruwa. Fiye da rabinta yumɓu ne tsantsa. A ma'aunin pH, inda 7 ke tsakiya, tana kaiwa 8 zuwa 9, wato ta karkata sosai wajen kanwa, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta kuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ba matalauciyar ƙasa ba ce, domin tana da fotasiyam da kalsiyam masu yawa, tana kuma riƙe ruwa. Abin da ta rasa shi ne naitirojin da iska, sannan kanwarta tana ɗaure fosfaras da ƙarfe da zinki yadda saiwa ba ta iya shansu, kuma wannan ne dalilin da ake ganin sabon ganyen lemo ko na tumatir ya yi rawaya alhali jijiyoyinsa na nan kore. Ƙasar gaɓar kogi ta fi wannan laushi da sauƙin aiki. Jigawar Kurdufan da ta yammacin Farin Nilu kuma matsalarta daban ce, domin ruwa da taki duka zurarewa suke yi ta cikin yashi.

Gwaji uku sun isa, kuma babu wanda ke buƙatar kuɗi a cikinsu. Na farko, a jiƙa dunƙulen ƙasa a murza shi tsakanin babban yatsa da manuni: idan ya miƙe ya yi tsawo yana sheƙi bai karye ba, yumɓu ya yi rinjaye, idan kuwa ya ƙi haɗuwa yana ƙaiƙayin yatsa, yashi ne. Na biyu, a ɗiga ruwan khal, wato binega, ko ruwan lemon tsami a kan busasshiyar ƙasa. Idan ta yi kumfa tana ƙara, akwai farar ƙasa a cikinta, kuma irin wannan ƙasa ba ta son toka ko kaɗan. Na uku shi ne mafi amfani, amma ba kasafai ake yinsa ba. A zuba ruwan sama ko ruwa mai tsabta a faranti, a ɗauki busasshen ɗan curin ƙasa mai girman ƙwayar wake a ajiye shi a hankali a tsakiya, kada a girgiza farantin. Idan curin ya faɗi ya rarrabu amma ruwan ya zauna garau, ƙasar lafiya take. Idan kuwa bayan awa ɗaya ko biyu aka ga wani farin hazo ya kewaye curin ya gurɓata ruwan, to sodiyam ya yi yawa, shi ne kuma ke sa fuskar fangali ta yi ɓawo mai tauri bayan ban ruwa, ruwa ya kwanta a sama kwana da kwanaki bai shiga ba. Irin wannan ƙasa tana buƙatar jibsin, wani farin garin dutse mai kalsiyam, tare da taki, kuma yawan jibsin da za a zuba ya dogara ne da gwajin ɗakin bincike, irin wanda Hukumar Binciken Aikin Gona mai hedkwata a Wad Madani ta saba yi. Farin gishirin da ke fitowa a kan kunya shi kuma magani ɗaya gare shi, wato ban ruwa mai yawa a lokaci guda tare da hanyar da ruwan zai fita ya tafi da gishirin.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne zuba amalanke ɗaya ko biyu na yashi a kan baƙar laka da nufin ta yi laushi. Yumɓun yana cike ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashin ne kawai, ƙasar ta ƙara tauri, an yi asarar kuɗin jaki a banza.

Mataki na biyu: tara kaya, da sanin abin da ba ya shiga

Ƙananan halittun da ke ruɓar da taki suna buƙatar abinci iri biyu, kabon da naitirojin, kuma sun fi aiki idan kabon ya ninka naitirojin sau 25 zuwa 30. Kabon yana cikin busassun abubuwa: karan dawa, da tattakar masussuka, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da karan riɗi, da busasshen ganyen mangwaro da darbejiya. Naitirojin yana cikin kashin shanu da awaki da tumaki da kaji da tattabaru, da ɗanyar ciyawa, da ragowar ganyen kasuwa. Ba sai an yi lissafi ba. Kwando biyu zuwa uku na busasshen abu a kan kwando ɗaya na kashi da ɗanyen ganye yana kusa da abin da ake nema. Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka rabin kwandonsa ya wadatar. Diddigar katako daga wurin kafinta tana da kabon mai yawan gaske, ba a sa ta sai kaɗan.

Yankinmu yana da wasu kayan da wasu wurare ba su da su. Kututturen ayaba da aka sare bayan an yanke nono, wanda ake barinsa yana ruɓewa a gonakin Singa da Sinnar da Kasala, cike yake da ruwa da fotasiyam, kuma idan aka daddatsa shi aka sa a tari yana riƙe damshi fiye da komai. Masunta kuma, waɗanda da dama daga cikinsu Hausawa ne a wannan kogi, suna zubar da hanjin kifi da ɓawonsa kullum. Wannan taki ne mai ƙarfi, amma sai an binne shi can tsakiyar tarin an rufe da busasshen abu mai kauri, in ba haka ba karnuka da ƙudaje su hana kowa sakat. Wanda ke kusa da masana'antar sukari, kamar ta Sinnar ko ta Junaid ko ta Kinana, idan tana aiki, yana iya neman baƙar lakar da ake tacewa daga ruwan rake, domin tana da fosfaras.

Wajen kashin dabbobi akwai abin da ake sakaci da shi. Kaso mai yawa na naitirojin da dabba ke fitarwa, da mafi yawan fotasiyam, a cikin fitsari suke, fitsarin kuma yana nutsewa a ƙasan turke ko ya bi iska. Idan aka riƙa shimfiɗa tattaka ko ɓawon gyaɗa a garke, ana kwashewa duk mako ana sake shimfiɗa sabo, an sami kayan taki da ya riga ya haɗu da kansa, ya fi busasshen kashin da ya shekara a rana daraja. A kan wannan ne nake ganin mai lambun da ke sayar wa masu ƙona jan bulo kashin garkensa, kamar yadda ake yi a wurare da yawa a bakin kogi, sannan ya juya ya nemi bashin yuriya, bai yi ciniki mai riba ba.

Toka ita ce babbar gardama. Iyayenmu sun saba kai sharar gida gona da tokarta, kuma a jigawar ƙasar Hausa mai ɗan tsami hakan daidai ne. A baƙar lakar da ta riga ta kai 8 ko 9 kuwa, toka ƙarin kanwa ce a kan kanwa, sannan idan ta haɗu da ɗanyen kashi tana korar naitirojin ya tashi ya bi iska, wanda shi ne warin da ke shiga hanci da yaji. A bar toka a waje, sai mai noma a yashi, shi ma ɗan barbaɗe kawai. Haka nan ba a sa karan auduga, domin tun shekarun 1930 dokar noman Jazira ta wajabta tumɓuke shi a ƙone saboda cututtuka da tsutsar da ke kwana a cikinsa. Ba a sa saiwar tumatir ko kuɓewa mai ƙulle-ƙullen cuta, ko shukar da ta yi yaushi ta mutu a tsaye. Waɗannan wuta ce maganinsu. Ba a sa saiwar aya-aya da kiri-kiri sai sun bushe ƙayau a rana, ba a sa ƙudujin da ya yi fure, domin irinsa yana iya zama a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran dawa. Kashin kare da na kyanwa da na mutum ba sa shiga. Idan daga juji aka ɗebo shara, a tsince leda da kwalba da ƙarfe, musamman tsofaffin batura.

Sai kuma miskit, itacen da aka shigo da shi Sudan a 1917 don tare hamada, ya zama annoba har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995. Awaki suna cin 'ya'yansa, ƙwayar kuma tana fita cikin kashinsu da ranta. Duk wanda ya sayi kashin awaki daga inda miskit ya yi yawa, kamar Kasala da Sabuwar Halfa, ya watsa shi ɗanye a lambu, ya shuka wa kansa ƙaya. Ɓawon ƙwayar yana da tauri ƙwarai, don haka ko bayan an haɗa takin sai an sa ido a cire duk tsiron da ya fito tun yana ƙarami.

Mataki na uku: wuri, da zaɓi tsakanin rami da tari

A zaɓi inuwa, kusa da inda ake ɗibar ruwa amma nesa da rijiyar sha da kimanin mita 30. Da rani rami ya fi, domin bangonsa yana kare takin daga iska mai zafi. A haƙa shi tsawon mita 2, faɗin mita 1.5, zurfin da bai wuce mita 1 ba, domin idan ya zarce haka iska ba ta kaiwa ƙasansa. Ya fi kyau a haƙa biyu a jere don a riƙa juyewa daga wannan zuwa wancan. Da damina kuwa lissafin yana juyewa: rami a baƙar laka ba ya tsotse ruwa, ruwan Agusta ɗaya ya isa ya mai da shi kududdufi, takin ya nutse ya yi wari ya lalace. Saboda haka takin da za a haɗa a Yuli ko Agusta domin albasa da tumatir na Oktoba da Nuwamba, a tara shi a kan tudu, faɗi da tsayi kimanin mita 1.5, a yi masa rumfa. Na rami kuma a haɗa shi bayan girbin dawa, lokacin da kara ya wadata, domin ya nuna kafin shukar bazara da ta damina.

Mataki na huɗu: jerawa

Kafin ranar aiki a daddatsa kara da adda, kowane guntu kada ya wuce tsawon yatsa zuwa tafin hannu, a jiƙa shi ya kwana. Wannan shi ne aikin da ya fi gajiyarwa, shi ne kuma wanda aka fi tsallakewa, alhali karan dawa da aka jefa da tsawonsa a bushe yana iya fitowa daga rami bayan wata shida kamar yadda ya shiga.

A shimfiɗa manyan guntayen kara a ƙasan ramin, kaurin taƙi ɗaya, domin iska ta sami hanya. A kansu a zuba busasshen abu kaurin santimita 15 zuwa 20, sai ɗanyen ganye, sai kashin dabbobi, kaurin su biyun a haɗe kada ya wuce rabin na busasshen, sannan a barbaɗa ƙasar lambu ko tsohon taki cikin shebur ɗaya ko biyu. A yayyafa ruwa a kan kowane hawa kafin a ɗora na gaba, domin ruwan da aka kwarara daga sama bayan an gama ba ya ratsa tarin, gefe yake bi ya sauka. A maimaita jerin har ya ɗara bakin ramin da kamu ɗaya, kuma kada a tattake shi da ƙafa. Tun daga farko a kafa sanduna biyu ko uku a tsaye a cikin ramin, idan an gama a girgiza su a zare, a bar ɗaya. Ramukan da suka bari su ne hancin takin. A ƙarshe a rufe da ganyen ayaba ko tsohuwar tabarma ko buhunan algarara. Idan leda za a sa, a ɗora ta sama-sama kada a toshe gefe.

Gwajin ruwa a hannu ake yinsa. A cusa hannu cikin tarin a damƙo cikin tafi a matse da ƙarfi: ya kamata ya zama kamar tsumman da aka wanke aka matse, hannu ya jiƙe, ɗigo ɗaya ko biyu su fito tsakanin yatsu, dunƙulen kuma ya tsaya idan aka buɗe hannu. Idan ruwa ya zubo, ya yi yawa. Idan dunƙulen ya warwatse, ya yi kaɗan. Ruwan rijiya mai ɗanɗanon gishiri da ruwan wanki mai sabulun gari ba su dace ba, domin gishirinsu a cikin takin zai zauna ya bi shi zuwa fangali.

Mataki na biyar: kula da zafi da juyawa

A kwana na uku ko na huɗu a zaro sandar da aka bari a taɓa ƙarshenta. Idan aikin ya kama, za a same ta da ɗumi sosai da damshi, har ba a iya riƙe ta a tafi na dogon lokaci, da sassafe kuma ana ganin tururi yana fita daga ramin da ta bari. Zafin da ake so a tsakiya shi ne digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, domin a nan ne ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da mafi yawan irin ciyawa ke mutuwa. Idan ya haura 70, halittun da ke aikin su ma mutuwa suke yi.

Sandar tana ba da labarin kusan duk abin da ke faruwa a ciki. Idan ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. Idan ta fito da sanyi da damshi ba wari, naitirojin ne ya gaza, sai a buɗe a ƙara kashin kaji ko ɗanyen ganye. Idan ta fito da santsi da warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya kori iska, maganinsa a juya a cuɗa busasshen ƙaiƙayi. Wari mai yaji irin na fitsari yana nuna kashi ya yi yawa, ana asarar naitirojin, a ƙara kara. Idan kuwa aka buɗe aka ga tsakiyar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, ta bushe tana da zafi, takin yana ƙonewa ne saboda ƙishirwa. Wannan shi ne ciwon da ya fi kama taki a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40, kuma a irin wannan lokaci sai an duba damshi duk kwana uku.

Juyi na farko a yi shi bayan mako biyu zuwa uku, idan zafi ya soma sauka. A kwashe daga rami na farko zuwa na biyu yadda abin da ke gefe da sama zai koma tsakiya, domin gefen bai sami zafin da zai kashe irin ciyawa ba, ana yi ana yayyafa ruwa. Zafi zai sake tashi. A maimaita sau biyu ko uku, tsakaninsu mako uku-uku. Mai juyawa ya sa takalmi ya yi aiki da shebur ko manjagara, domin kunama da maciji suna son gefen tari mai sanyi da damshi. Gwazarma da za a gani a ƙarshe ba abin damuwa ba ce a cikin tarin, amma a tsince ta a ba kaji kafin a kai takin fangali.

Da irin zafinmu, takin da aka daddatsa kayansa aka juya shi yadda ya kamata yana nuna cikin wata biyu zuwa huɗu. Alamominsa su ne ya ragu zuwa kusan rabi, ya yi baƙi-baƙi, ya daina zafi ko an juya shi, yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa, kuma ba a iya bambance kashi da ganye a cikinsa. Wanda ke son tabbaci ya cika gwangwani ɗaya da takin haɗe da ƙasa, wani kuma da ƙasa zalla, ya shuka jarjir, wani ganye da ake ci ɗanye, ƙwaya ashirin a kowanne. Jarjir yana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar. Idan na gwangwanin taki ya fito daidai da ɗan'uwansa, taki ya nuna, idan ya yi jinkiri ko ya fito da rawaya, a ƙara masa mako uku. Nunannen taki a ajiye shi a inuwa a rufe, kada a bar shi ya bushe.

Mataki na shida: zubawa, da lissafin da ya kamata a yi da gaskiya

Rami mai girman da aka ambata yana ɗaukar kaya kubik mita 3, wato tsawo sau faɗi sau zurfi, ya ba da taki kusan tan ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. A shekarar farko ƙasar da ta gaji tana son kilo 3 zuwa 5 a kowace murabba'in mita, wato garwa ɗaya, mai ɗaukar kimanin kilo 10, a kan murabba'in mita 2 zuwa 3. Ke nan rami ɗaya yana isar murabba'in mita 300 ne kawai. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, zai ci rami 14. Wannan lissafi yana karya gwiwar mutane da yawa, sai su ɗauki ɗan abin da suka samu su watsa shi a duk faɗin gonar, ba a ga amfaninsa a ko'ina ba, daga nan su yanke hukuncin cewa takin rami ba ya aiki. Shawarata ita ce a tattara shi wuri ɗaya: a fara da wurin renon iri, sai fangulan da suka fi kawo kuɗi, sauran kuma a sa cikin tafi biyu a kowane ramin dashe na tumatir, barkono, kabewa ko kankana. Manoman Tawa a Nijar da wannan dabara ta zuba taki a ramin shuka, wadda suke kira tassa, suka dawo da fako cikin noma.

A cuɗa takin da ƙasar sama, zurfin santimita 10 zuwa 15, mako ɗaya ko biyu kafin dashe, a ba da ruwa nan take. Barin sa tsibi-tsibi a gona rana tana dukansa makonni asara ce. A baƙar laka lokacin shiga da fartanya yana da muhimmanci ƙwarai: idan ƙasa tana manne wa ƙarfe ta yi jiƙa da yawa, aikin da aka yi mata a haka zai bar manyan hoge masu tauri har ƙarshen shekara; a jira sai dunƙule yana marmashewa a hannu. Ga itatuwan lemo da gwaiba da mangwaro, a zuba takin a kewayen inda inuwar rassa ta tsaya, domin a nan saiwoyin ci suke, kada a tara shi a jikin gindi.

Wanda ya rasa lokacin haɗa taki ya ga dole sai ya sa ɗanyen kashi, ya binne shi aƙalla wata huɗu kafin girbin duk abin da ake ci ɗanye, kamar jarjir da salak da ajur mai kama da kokwamba, saboda cututtukan ciki. Kara da ƙaiƙayi kuwa ba a binne su ɗanyu a fangalin da za a shuka nan kusa, domin halittun ƙasa za su janye naitirojin ɗin da ke wurin don su ruɓar da su, shuka ta yi rawaya.

Dole kuma a faɗi iyakar takin rami. Naitirojin da ke cikinsa kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100, ba duka yake saki a shekarar farko ba, alhali yuriya kashi 46 ce, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Tan guda na taki bai cika kai wannan ba. Aikinsa na gaskiya shi ne ya haɗa ƙwayoyin yumɓu su zama ƙananan curi masu ƙofofin iska da ruwa, ya sa yashi ya riƙe damshi, ya saki fosfaras da ƙarfen da kanwa ta ɗaure, ya ciyar da tana da sauran halittun ƙasa. Idan an sami yuriya kaɗan, haɗa su ya fi kowannensu shi kaɗai. A raba ta kashi biyu ko uku, a binne ta a gefen kunya a bi da ruwa nan da nan, domin yuriyar da aka watsa a fuskar ƙasa mai kanwa cikin zafi, kaso mai yawa nata iska ke tafiya da shi.

Mataki na bakwai: tsare abin da aka gina

Zafin ƙasarmu yana cinye ruɓaɓɓen abu da sauri, don haka zubi ɗaya ba ya wadatarwa. Bayan shekarar farko a riƙa ƙara kilo 1 zuwa 2 a kowace murabba'in mita duk shekara, kuma a sa ran ganin canji na sosai a laushin ƙasa a shekara ta biyu ko ta uku. Abin da ke rage saurin cinyewar shi ne rufe fuskar ƙasa. Bayan shuka ta kama, a shimfiɗa tattaka ko busasshiyar ciyawa marar iri ko ganyen ayaba kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar tazarar tafin hannu daga jikin shukar. Ƙasa za ta yi sanyi, tsagewa ta ragu, gishiri ya daina hawowa sama da sauri, tazarar ban ruwa kuma ta ƙaru. Gara za ta zo, amma muddin tana da busasshen abin ci a sama, ramukan da take haƙawa hanyar ruwa ce a ƙasa mai tauri. Inda ake sa mata ido shi ne wajen ƙananan itatuwan da aka dasa.

Kada a maimaita dangi ɗaya a fangali ɗaya. Tumatir da yalo da barkono 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya, don haka bayansu a sa albasa, bayan albasa a sa wake ko gyaɗa ko lubiya (wani dangin wake) ko barsim (shukar abincin dabbobi). Tsohon tsarin juyin amfanin gona na Jazira ya sa lubiya a cikinsa saboda wannan dalili, domin ƙulle-ƙullen da ke saiwarta suna kamo naitirojin daga iska. Idan an girbe, a yanke harawar daga sama a ba dabbobi, a bar saiwar a ƙasa, kashin dabbobin kuma ya koma rami. Hanyoyin tafiya a lambu su zama tsayayyu, kada a riƙa taka cikin fangali, musamman bayan ban ruwa. Idan akwai gawo a gefen gonar a bar shi, domin yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, ganyen da kashin dabbobin da ke hutawa a inuwarsa da rani kuma suna taruwa a gindinsa, ana iya share su a kai rami na gaba tare da tattakar garke.